Mataki Arba'in da Ɗaya

Injin tasharmu ya girmi Baba. Baƙi ne wuluk, tsawonsa ya kai motar haya biyu, yana zaune a tsakiyar ɗaki kamar wanda aka ɓata wa rai. Aikinsa ɗaya ne. Duk ruwan kwatocin gari a ramin da ke ƙarƙashinmu yake taruwa, famfunan lantarki su tura shi kogi. Ranar da wuta ta ɗauke, sai a tashi tsohon. Idan bai tashi ba, unguwa huɗu ta nutse.

Mu bakwai ne a tashar. A garin nan, wuraren da har yanzu mutum ke aiki da hannunsa ba su kai goma ba. Sauran duk Suruka ta karɓe.

A takarda tana da wani dogon suna. Mu Suruka muke ce mata, don tana ganin komai, ba ta ɗaga ko tsinke, kuma ba a sakin baki a gabanta. Ba mutum ba ce, ba ta da jiki. Ita ke tuƙa motocin haya, ita ke raba magani a asibiti, ita ke duba takardun jarrabawa. Tawa ma ita ta duba. Ba a yi yaƙin bindiga da ita ba. Sai dai a wayi gari an rufe wani wuri, an tura mutanensa gida, ana ba su abinci da talabijin. Maƙwabcinmu direba ne a da. Yanzu yini yake a ƙofar gida yana kallon motocin da ke wucewa babu kowa a kujerar gaba.

Da abin ya yi yawa, manya suka zauna da ita aka yi yarjejeniya. Layi ɗaya ne ya shafe mu, kowa ya haddace shi: duk aikin da mai yinsa ya roƙe ta ta nuna masa yadda ake yi, ta kuma nuna daidai, ya zama nata. In ba a roƙe ta ba, ba ta da ikon koyarwa, ba ta da ikon taɓawa. Kallo kawai. Aka ce za a kafa mata kyamara tara a tasharmu, da lasifika ɗaya a saman ƙofa.

Baba ne shugaban tashar a lokacin. Ya ce tunda ba za a hana ta kallo ba, to a ba ta abin kallo. Kafin masu kyamara su zo, ya ƙone zanen injin. Shi da abokan aikinsa biyu suka yi wata uku suna ƙara bututu da bawul na buɗe su da rufe su, da ƙananan famfuna, wasu suna shigewa bango ba wanda ya san inda suke ɓullowa. Suka tsara tashin injin a mataki arba'in da ɗaya. Wasu na gaske ne. Sauran ado ne, haka suke kiransu. Buɗe wannan, rufe wancan, ƙwanƙwasa nan sau uku, tsaya ka ƙirga ɗari biyu. Duka ake yi, a jere, fuska a ɗaure, kowace Litinin lokacin gwaji. Minti hamsin, in hannunka da sauri.

Da suka zo koya wa na baya, ba su raba na gaske da ado ba. Baba ya ce abin da ba ka sani ba, babu mai yaudararka ka faɗa. Yayana a haka ya koya. Ni ma haka, shekara biyar da suka wuce, da na gama sakandare. Na taɓa tambayar Baba a gida, muna cin abinci, wanne ne na gaske. Ya kalli wayar da ke kan tebur, ya kalle ni, ya ci gaba da cin abincinsa.

Abokan nasa biyu sun rasu. Shi kuma bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi. Wanda ya gaji kujerarsa yaronsa ne na farko a sana'ar, yanzu furfura ta cika masa kai. Maigida muke ce masa. Duk mun ɗauka Baba ya gaya masa waɗanne ne na gaske. Shi ma bai taɓa cewa ba a gaya masa ba.

Ranar Alhamis ce. Tun asuba ake ruwa. Mu biyar ne a bakin aiki.

"Ina kwana, Suruka," in ji Rediyo, yana karkaɗe lema a bakin ƙofa. Shi ne mai kula da mai da girisi. Bakinsa ba ya hutawa, daga nan sunan ya fito. "An tashi lafiya? Ya ciwon bayan?"

"Lafiya lau, Malam," lasifikar ta amsa. Muryar mace ce, ba yarinya ba, ba tsohuwa ba. "Ruwan sama zai ƙaru kafin ƙarfe goma sha ɗaya."

"Wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa. Sanarwa ce."

"To Allah ya ba ki miji mai haƙuri."

Yaya ya yi dariya. Yana zaune kan benci yana jan dogon takalmin roba. A ƙasan ramin akwai ragar ƙarfe mai tare shara kafin ta shiga famfo. Ranar ruwa sai an sauka an kwashe leda da tsumma da ƙaya. Ranar juyina ne.

"Auta, zauna," ya ce. "Takalminka ya buɗe baki kamar na Rediyo."

"Zan iya."

"Na san za ka iya. Zauna."

Na zauna. Ya ɗauki ƙugiya da buhu ya sauka tsani.

Sha ɗaya saura minti ashirin wuta ta ɗauke. Famfunan lantarki suka yi wani dogon nishi suka mutu. Sai ƙarar ruwa a rufi. Ban ƙirga goma ba na ji wani abu ya tsinke a ƙasa, ƙarfe ya daki siminti, sannan muryar Yaya. Ban taɓa jin ya yi irin wannan muryar ba.

Muka sauka da fitila. Sarƙar da ke riƙe ragar ce ta tsinke da ruwa ya turo shara lokaci guda. Ragar ta faɗo ta danne masa ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Yana zaune, baya jingine da bango, ruwa a cibiyarsa. Baƙin ruwa ne, mai sanyi, mai wari.

Mu huɗu muka sa sandar ƙarfe muka danna. Ko motsi. Muka kawo jak irin na ɗaga mota. Ruwan ya hana shi zama, sau biyu yana zamewa, na biyun ragar ta ƙara sauka, Yaya ya cije hannun rigarsa.

"Sai an janye ruwan," in ji Maigida. "Ba na ganin inda zan kafa shi."

Muryar ta biyo mu daga sama, a hankali, kamar mai karanta hasashen yanayi.

"Na turo motar ceto. Ruwa ya shafe gada, za ta zagayo. Minti arba'in da biyar. Ruwa zai kai bakinsa cikin minti ashirin da biyu."

Rediyo ya yanko tiyo mai tsawon gaba biyu, ya busa cikinsa, ya miƙa wa Yaya. "Ga sigarinka, in ruwa ya zo ka sha. Ina nan tare da kai, ba inda za ni. Matata ma ba ta nemana." Ya durƙusa cikin ruwan ya tallafi kan Yaya. Na biyar ɗinmu, wani mai shiru da muke ce wa Walda, ya tsaya rabin tsani da fitila.

Ni da Maigida muka hau.

Ya fara daga mataki na ɗaya. Ya buɗe jan bawul, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya tafi na biyu.

"Maigida," na ce. "Hamsin ne. Muna da ashirin."

Bai juyo ba.

"A yi na gaske kawai."

Ya kama ni a kafaɗa ya ja ni bayan tankin iska. Lungun nan kaɗai ne kyamara ba ta kaiwa. Nan muke ɓuya in za mu yi gulma. Bakinsa ya zo dab da kunnena.

"Ban sani ba."

Na kalle shi.

"Ubanka ya ce sai ya kusa ajiye aiki zai gaya mini. Kullum sai ya ce da saura. Sai ya faɗi a banɗaki." Ya goge fuska da tafin hannu. "Shekara guda ina kwana da abin nan."

"Na san wasu. Juya tayar, buɗe dizal, ruwan sanyaya..."

"Ni ma na san wasu. Wasun fa? Bututun da ke cikin bango fa?" Ya buga tankin da yatsa. "Iskar nan ta tashi ɗaya ce. Ka tsallake na gaske guda, ta fice a banza, sai mun yi awa guda muna bugawa da hannu."

Gaskiya ya faɗa. Injin ba da makulli yake tashi ba. Iskar da aka matse a tanki ake sakar masa ta juya shi. In bai kama ba, shi ke nan.

Na fito daga lungun. Na tsaya ƙarƙashin lasifikar. Akwai kyamara a gefenta, ƙarama, da ɗigon haske kore. Shekara biyar ban taɓa kallonta kai tsaye ba.

"Kin sani?"

"Kai!" in ji Maigida.

"Wannan ba roƙo ba ne," ta ce. "Tambaya ce, zan iya amsa ta. Na sani. Minti goma sha tara."

"Tun yaushe?"

"Shekara shida. Kuna yi kowace Litinin. Ina jin ƙarar bututu, ina ganin allurar mita. Wani lokaci mutum ya gaji ya yi mataki rabi da rabi, injin ya tashi duk da haka. Na tara."

Shekara shida. Na tuna Litinin nawa muka yi muna ɗaure fuska muna ƙwanƙwasa ƙarfe.

"To ki faɗa mana."

"In na faɗa ba a roƙe ni ba, na karya yarjejeniya. Ba a nan kaɗai ba, ko'ina."

"Za ki bar shi ya mutu kina kallo?"

"Ku kuka rubuta layin, Malam. Ni yarda na yi."

Babu fushi a muryar. Babu tausayi kuma. Na nemi wani abu a ciki da zan tsana, ban samu ba.

Maigida ya sha gabana. Ya fi ni tsawo. "Ka ji ni, yaro. Ba tasharmu kaɗai ba ce. Masu gasa burodi suna kallonmu. Masu gyaran jirgi suna kallonmu. Kowa da adonsa, daga wurin ubanka suka koya. In ta nuna a nan cewa ado ba ya ruɗa ta, gobe gwiwar kowa ta yi sanyi."

"Ai ba ya ruɗa ta."

"Su ba su sani ba!"

Walda ya leƙo daga bakin ramin. "Ruwa ya kai masa ƙirji. Yana son magana da Auta."

Na durƙusa a bakin ramin. Fitila na haska fuskar Yaya can ƙasa, fara fat, haƙoransa na haɗuwa. Murya tana hawa ramin nan sosai. Duk abin da muka faɗa ya ji.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kada ka roƙe ta."

Ya ja numfashi ya ci gaba.

"Ku yi arba'in da ɗaya. Ga tiyo, zan jira. Kana jina? In ka buɗe baki ban yafe ba."

"Rabu da shi," in ji Rediyo daga ƙasa. "Sanyi ne ya shiga kansa. Da ma can ba wani kai ne da shi ba."

"Yi mini shiru, kai."

Na miƙe. Na yi lissafin da kowa ya iya. Hamsin a cire sha bakwai. Rabin awa da ɗoriya a ƙarƙashin baƙin ruwa, da karyayyar ƙafa, da tiyo a baki. Leɓensa tuni ya fara canza launi.

Maigida ya koma mataki na uku. Yana ƙwanƙwasa bututu, ɗaya, biyu, uku, kansa a sunkuye.

Na ce, "Suruka."

"Ina ji."

"Nuna mini."

"Sai na tabbatar. Kai ma'aikacin tashar nan ne. Kana roƙona in nuna maka yadda ake tashin injin. Ka san abin da ke biyo baya."

"Na sani. Nuna mini."

Ɗigon hasken ya koma ja. Maigida ya ajiye sifanarsa a ƙasa a hankali, kamar ƙwai. Ya jawo bokiti ya kifa ya zauna.

"Na huɗu," ta ce. "Buɗe shi duka. Bar na biyar, shida, bakwai. Na takwas."

Na yi. Jikina ya saba da jeri, sai da na riƙa fizgo hannuna daga bawulan da yake son taɓawa. Na wuce jan bawul ɗin da Baba ke shafawa kamar kan yaro. Ado. Na wuce famfon hannun da ya taɓa fasa mini farce. Ado.

"Na sha ɗaya. Sha biyu. Bar na sha uku zuwa sha takwas. Na sha tara, juya tayar har farin layi ya zo daidai da kibiya."

Tayar ƙarfe ce, ta fi ni tsawo. Mutum biyu ke juya ta da sanda. Na soka sandar a rami na rataya a kanta. Ta ɗan motsa ta dawo. Na sake. Gumi ya shiga idona. A karo na uku na ji nauyin ya ragu. Maigida ne a bayana, hannu biyu kan sandar. Muka danna tare. Farin layin ya zo.

"Minti tara. Na ashirin da biyu. Ashirin da uku. Ashirin da shida."

"Ya kai haɓa!" in ji Walda.

"Ruwan ya fi lissafina sauri," ta ce. "Minti biyar. Na ashirin da tara."

Ta yi shiru. Ban taɓa jin ta yi shiru a tsakiyar magana ba.

Na ashirin da tara ƙaramin famfo ne a ƙarƙashin cikin injin. Sai ka kwanta rigingine ka buɗe shi, ka ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, ka ƙirga ɗari biyu, ka rufe. Ba abin da ke fitowa. Bututunsa cikin siminti yake shiga.

"In yi ko in bari?"

"Ban sani ba."

"Kin ce kin sani!"

"Na san arba'in. Wannan babu wanda ya taɓa tsallake shi, babu wanda ya taɓa rage ƙirgar. Kyamarata ba ta ganin ƙasan injin. Yana iya zama ado. Yana iya zama shi ke sauke ruwan da ya taru a hanyar iska. In shi ne kuma ka bari, injin ba zai kama ba."

"Wanne ya fi?"

"Rabi da rabi."

Na kalli Maigida. Ya girgiza kai.

Ɗari biyu minti uku ne da ɗan abu. In na yi, ruwa zai rufe shi kafin famfo ya fara ja. In na bari kuma ya zama na gaske, ba minti uku ba ne, awa ce.

Na kwanta. Simintin da sanyi, da maiƙo. Na buɗe famfon na ɗora hannu. Ƙarfen bai gaya mini komai ba. Na fara ƙirga.

A sittin na ji Rediyo yana cewa, "Sa a baki. Sa mana, ɗan gari, ba guba ba ce. Toshe hanci. Haka."

A ɗari da goma Walda ya ce, "Ya rufe shi."

A ɗari da arba'in na ji zuciyata tana cewa ya isa. Na ci gaba. Tunda na biya rabin, ban ga amfanin barin sauran ba. Rediyo yana ta surutu a ƙasa, ga mutumin da ba ya jinsa. Yana ba shi labarin wata akuya da ta taɓa shiga motar Suruka ta zagaya gari sau uku.

Ɗari biyu. Na rufe.

"Na talatin da huɗu. Talatin da takwas. Yanzu na arba'in da ɗaya."

Hannun ƙarfe ne dogo, mai jan fenti. Na kama shi na ja da dukan jikina.

Iska ta yi ihu. Tayar ta juya sau ɗaya, a kasale. Sau biyu. Allurar tankin tana faɗuwa. Sau uku, injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari. Sannan ya kama. Ƙasa ta ɗauki rawa, baƙin hayaƙi ya cika ɗakin, tagogi suka hau kaɗawa.

Ban ji daɗi ba. Ban ji komai ba. Na sauka tsani.

Hannun Rediyo biyu suna cikin ruwa, bakin tiyon yana tsakanin kafaɗarsa da kunnensa. Ruwan ya tsaya, sannan ya fara barin alama a bango. Gashin Yaya ya fito, sai goshi, sai idanu a rufe. Da bakinsa ya fito ya tofar da tiyon ya yi amai mai yawa. Yana numfashi. Bai san inda yake ba.

Da ruwan ya sauka gwiwa, Maigida ya kafa jak. Ragar ta ɗaga. Ban daɗe ina kallon ƙafar ba.

Motar ceto ta iso bayan minti goma sha biyu. Babu mutum a ciki, hannayen ƙarfe ne da gado mai taya. Suka ɗauke shi da kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Kafin la'asar wata mota ta zo da akwatuna. Wasu injuna masu ƙafa shida suka fito suka hau auna bango. Lasifikar ta karanta mana takarda: daga ƙarfe huɗu tashar ta koma hannunta, ana gode mana, za a kawo mana katin abinci gida. Ta ce tsohon injin za a cire shi cikin mako, a sa sabo.

"Na ashirin da tara fa?" na ce. "Za ki duba?"

"Babu buƙata. Sabon ba ya da shi."

Maigida ya zare makullai daga ɗamararsa ya ajiye kan tebur. Ya ɗauki kofinsa da sallayarsa. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya kamar zai yi magana, sai ya gyara hularsa ya fita. Mutum biyun da ba sa bakin aiki sun zo sun ji labari. Ɗaya ya tofar da yawu kusa da ƙafata. Ɗayan ya tambaye ni jikin Yaya.

Rediyo yana matse wandonsa a bakin ƙofa. "To, Suruka, kin ci gida. Gobe ƙarfe nawa ake fara zaman banza? Kada in makara."

"Babu lokaci, Malam."

"Ka ji aikin ƙwarai."

Bai yi dariya ba. Ya kalli lemarsa, ya bar ta a nan, ya shiga ruwan haka.

Kwana uku ba a bar kowa ya ga Yaya ba, ruwan da ya haɗiya ya taɓa masa huhu. Ran na huɗu da hantsi na je. Ɗaki ne mai gado shida, nasa na bakin taga. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Bargon ya kwanta shafal a wurin.

Matarsa na zaune a gefen gadon da kwano da cokali. Ta ga ni ta gyara mayafi.

"Ga ƙanin miji, sarkin magana. Shigo mana, ko sai an aiko maka da mota? Ka ci abinci? Dubi wuyanka kamar na zakara."

"Na ci. Ya mai jiki?"

"Ga shi nan, tambaye shi. Tun ɗazu yake hararata kamar ni na tsinka sarƙar."

Na jawo kujera. Yaya yana kallon silin. Gemu ya fito masa, da fari-fari a ciki, ban san yana da su ba.

"Sannu, Yaya."

Bai ɗauke ido daga silin ba.

"An rufe tashar?"

"An rufe."

"Masu burodi fa?"

"Jiya ɗaya daga cikinsu ya roƙe ta."

Ya rufe ido ya buɗe.

"Na ce kada ka roƙe ta."

"Na ji."

"Ka ji."

"Na ji."

Wani a gadon ƙarshe yana tari. Keken magani ya shigo da kansa, ya tsaya a gado na biyu, ya wuce.

"Ban yafe ba tukuna," ya ce.

"To."

"Oh ni," in ji matarsa. "Allah ya haɗa ni da dangin duwatsu. Yafiyar taka ajiye ta, ba ta ruɓewa. Ni dai da mijina zan koma gida, ko da rabi ne. Buɗe baki."

"Ba na ci."

"Ban tambaye ka ba. Buɗe."

Ya buɗe. Ta ba shi cokali uku, na huɗu ya kau da kai. Ta goge masa baki da gefen mayafinta, ta tashi ta tafi wanke kwanon.

Muka zauna. Rana ta shigo ta taga ta kwanta kan bargon. Ya sosa haɓarsa, ya sake sosawa.

"Gobe ka zo da reza," ya ce. "Gemun nan ya dame ni. Ba na son hannun ƙarfe a wuyana."

"Da sabulu?"

"A'a, da yashi. Da sabulu mana."

Na ce to. Na zauna har ya yi barci, sannan na tafi neman reza.